Salansar kasuwa a kan Boxer 150: in ɗaura ko in haƙura?

Mai Boxer, Samaru

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan babur.

Ina da Boxer BM150, da shi nake zuwa aiki daga Samaru zuwa PZ a nan Zariya, wata Asabar ɗin kuma in leƙa Kaduna in dawo, kusan kilomita 80 ke nan zuwa kaɗai. A daminar da ta wuce na faɗa wani rami da ruwa ya rufe wajen Kwangila, cikin salansar ya daki bakin kwalta ya lotsa, murfin da ke kare ƙafa kuma ya ɓalle. Mai walda ya like inda ta tsage, ta yi 'yan watanni lafiya, yanzu ta sake buɗewa ta gefen likin. Akwai ma wani ƙarfe da ya saki a cikin gangar, in na tsaya a danja sai ka ji yana ta kwaram-kwaram.

Ana haka sai ƙanena ya kawo mini wata daga Kaduna, irin gajerun nan masu ƙyalli, an rubuta Akrapovic a jikinta. Ganga ce kawai, babu wuyan da ke haɗa ta da inji. Bakinta na shiga milimita 51 ne, ta zo da maɗauri ɗaya da sifirin biyu, da wani ɗan bututu mai huda-huda da ake cusawa ta bayanta a ɗaure da noti. Ba zan ɓoye muku ba, ta burge ni, kuma na gwada ta a hannu, ba ta kai rabin nauyin tawa ba. Mai waldar unguwarmu ya ce a cire tsohuwar gaba ɗaya, ya lanƙwasa sabon bututu mai faɗi daidai da bakinta tun daga jikin inji, wai babur zai samu numfashi ya ƙara gudu, a kuma jefar da ɗan bututun nan don shi ke shaƙe ta.

Abin da nake son sani: da gaske gudun zai ƙaru? Shan mai fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ba ƙaramar tambaya ba ce a wajena. Na kuma ji ana cewa irin wannan salansa tana ƙona bawul, wato ƙarfen da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a kan inji. Ga shi da babur ɗin nake kai yara makaranta, wani lokacin in ɗauki maiɗakina zuwa asibiti ko biki. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Baba Makanike, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya tsare gaba, tunda ramin a salansa ya tsaya.

In ra'ayina kake so a taƙaice, mai ɗaukar iyali ya nemi salansa irin ta asali ya ɗaura ya huta. Amma na ga ranka na kan wadda ƙanenka ya kawo, kuma za ta ɗauru, in an bi ta yadda ya kamata. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne maganar mai waldar nan.

Gudu dai cire shi daga lissafi. Injinka bai cika cc 150 ba, ƙarfinsa wajen doki 12 ne. Abin da canjin ganga zai ƙara masa, in ma ya ƙara, ba abin da za ka ji a jikinka ba ne. Yaran da ke zuwa garejina suna rantsuwa babur ya ƙara gudu, kunnensu ne ke gaya musu. Ƙara ta yi yawa, sai mutum ya ɗauka tafiya ce ta ƙaru, alhali allurar mita tana inda ta saba tsayawa.

Wuyan salansarka ta asali, wato bututun da ya fito daga kan inji ya lanƙwaso ƙasa, shi ne abu mafi daraja da kake da shi yanzu. An auna faɗinsa da tsawonsa ne daidai da hayaƙin da wannan injin ke iya fitarwa. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake yi, duk sanda bawul ya buɗe sai ya turo guda. In yana gudu da sauri a cikin bututu, kowane bugu yana barin wani ɗan gurbi a bayansa da ke zuƙo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, har ya taimaka wajen jawo sabon mai da iska. Ka taɓa riƙe tiyo kana ban-ruwa? Ruwan da zai yi tsiri ya je nesa a siririn tiyo, in ka juye shi cikin babban bututu sai ya riƙa malala a hankali. To haka hayaƙin ɗan ƙaramin inji zai yi a bututu mai milimita 51. Sakamakon kuwa a tashi za ka gan shi: ka ɗauko yara biyu ka zo hawa, sai babur ya yi sanyi, ka riƙa neman giya ta ƙasa kana murza totur. Nan man naka zai tafi.

Saboda haka tunda gangar ce ta mutu, a yanke ta ita kaɗai, can baya gwargwadon iko, a bar maka wuyan da tsawonsa. Sai a yi ɗan mazurari na ƙarfe da zai tashi daga faɗin wuyan ya buɗe a hankali zuwa 51, a like shi a wuyan, sabuwar gangar ta zauna a kansa da maɗauri da sifirin. Kada a yi wa gangar kanta walda, don wata rana za ka so cire ta. Masu aikin ƙarfe a kasuwar Panteka ta nan Kaduna wannan ba komai ba ne a wajensu, Zariya ma ba za a rasa mai hannu ba. A cire wuyan daga jikin babur kafin a kunna wuta kusa da shi, tanki da kafireto na nan sama da wajen.

Wajen kwancewa, inji ya huce sarai. Notuna biyun da ke riƙe wuya a kan inji sun sha zafi da tsatsa, a jiƙa su da mai tun da dare, da safe a bi su a hankali. In ɗaya ya ƙi, a ɗan ɗaure shi kaɗan sannan a sassauto. Kusar da ke ciki in ta karye a jikin hed, wato kan injin, aikin minti talatin ya koma na yini guda, wani lokacin sai an sauke kan injin. A cikin ramin da wuya ke shiga akwai gaskit, wani zobe ne da ke matsewa in an ɗaure. Baƙin hayaƙi kan rufe shi har mutum ya ɗauka babu, sai ya ɗora sabo a kan tsoho. A zaƙulo tsohon da sukundireba, a goge wajen, a sa sabo. Kuɗinsa ba wani abu ba ne, kuma rabin matsalolin da ake kawo mini bayan canjin salansa daga wannan zoben suke.

Wajen ɗaurawa kuma, a rataya komai sako-sako tukuna, notunan gaba da na baya duk da hannu. Sai an ga ta zauna ba tare da an tanƙwara ta da ƙarfi ba, sannan a fara ɗaurewa daga gaba, wannan noti kaɗan, wancan kaɗan, a ƙare da na baya. Salansar da aka jawo da ƙarfi aka ɗaure, girgiza za ta tsaga ta. Dole gangar ta samu mariƙi a jikin firam ta baya, kada a bar nauyinta a kan kusoshin hed. Kafin ka biya kuɗin aiki ka taka kik har ƙasa, ka taka birkin baya, ka sa mutum biyu su hau su danna shokozoba, ka ga ko akwai inda take taɓawa. Ka duba babban jak ma: a babura da yawa robar da ke tare shi in ya naɗe a jikin salansar asali take, in ta tafi sai jak ya riƙa dukan sabuwar ko ya haura ya taɓa cen.

Sai maganar bawul, wadda ita ce mai muhimmanci. Salansa da kanta ba ta ƙona bawul, ƙarancin mai ne ke ƙona shi. Inji na son iska kusan kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur a nauyi, in ana aiki da ƙarfi ma ya fi son man ya ɗan ɗara haka, don yana sanyaya shi. Ganga buɗaɗɗiya na iya sa iska ta fi yawa, kafireto kuwa yana nan da jet ɗin da aka sa masa don tsohuwar, wato ɗan notin nan mai huda da ke auna man da ke wucewa. Injin nan iska ce kawai ke sanyaya shi, babu ruwa. A cikin gari ba lallai ka lura ba, amma hanyar Kaduna da za ka riƙe totur a buɗe na tsawon lokaci a zafin Afrilu, nan ake yin ɓarnar. Don haka bayan ɗaurawa ka sa sabon fulogi, ka yi tafiya mai ɗan tsawo a gudun da ka saba, ka kashe inji ba tare da ka bar shi a silo ba, wato yana aiki babu totur, ka cire ka duba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Fari tas, mai ya yi kaɗan, a ɗaga allurar kafireto mataki ɗaya in mai mataki ce, ko a ƙara babban jet lamba ɗaya. Baƙi mai gari-gari, mai ya yi yawa. Kada ka bari kowa ya huda maka jet da allurar ɗinki ko waya.

Ɗan bututun nan mai huda-huda kuwa ka bar shi a ciki. Da shi, sau da yawa ba a ma buƙatar taɓa jet. Iyakilina ma, wato matatar iska, a bar ta yadda take, ƙurar hunturu in ta shiga silinda ringi take ci.

Ɗan Jos Mai 200

Baba ya gama magana a kan aikin, Allah ya ƙara girma. Ni ma na ɗaura irinta a kan 200 ɗina, don haka bari in ƙara kaɗan, Yaya.

Wadda ke hannunka ba Akrapovic ta gaske ba ce, suna ne aka buga. Kamfanin a ƙasar Sulobeniya yake, wani tsohon ɗan tseren babur mai suna Igor Akrapovic ya kafa shi a farkon shekarun 1990, kuma kowace salansa tasu ana yin ta ne don takamaiman babur, an gwada ta a kan na'ura, da yawa da ƙarfen taitaniyam. Ta manyan babura kuɗinta na iya haura kuɗin Boxer ɗinka. Haka ake buga sunan Yoshimura na Japan a kan irin waɗannan. Ba wai ba za ta yi aiki ba ne, sai dai ka san abin da ka riƙe: bututu ne mai huda-huda a tsakiya, an naɗe shi da audugar gilashi, an rufe da gwangwani. Audugar ce ke shanye ƙara, kuma tana ƙonewa a hankali. In ka ji muryar ta fara tsatsa tana kaifi, gangar kuma tana zafi fiye da da, a cire ribit a sake cusa sabuwa.

In ta ɗaga baki sama, ka kula da ruwan sama da na wanki, yana taruwa a ciki. Kuma kafin ka tada inji karon farko ka goge ta tas da tsumma mai tsabta, don shatin yatsa da maiƙo in suka gasu a jikin farin ƙarfe ba sa fita.

Kada kuma ka kwafi lambar jet daga wajen kowa. Mu nan Jos muna sama da teku da wajen mita 1,200, iskarmu ba ta da kauri, babur ya fi son mai kaɗan. Ku Zariya kusan rabin haka kuke. Saitin da ya yi mini daidai, a wajenka zai iya zama ƙarancin mai. Ko a gari ɗaya ma, sanyin asubar hunturu da zafin bazara ba ɗaya suke ba a wajen kafireto.

Inda na ɗan saba da Baba shi ne ƙara. Ni ina ganin tana da amfani a titi, masu mota da 'yan adaidaita na jin zuwanka kafin su yanko maka.

Anti Nas

Malam Mai Boxer, ni ba ni da ilimin inji, amma abin da salansa ke yi wa ƙafa ina wanke shi kusan kowane mako, shi ya sa na tsaya da na ga ka ce kana ɗaukar yara da maiɗakinka.

Ka ce murfin kare ƙafa ya ɓalle tun damina, kuma sabuwar ma ban ji ka ambaci murfi ba. Don Allah ko wacce za ka ɗaura, kada ka sake ɗora yaro sai an yi mata. Ƙunar da ake kawo mana kusan waje ɗaya take, cikin ƙwaurin dama, shati mai faɗin tafin hannun yaro. Yawanci ma ba a tafiya take faruwa ba, wajen sauka ne, ko babur na ajiye a zaure yaro ya je ya jingina. Ƙafar yaro gajera ce, ba ta kai wajen takawa, sai ta yi lilo ta sauka kan ƙarfe. Mata kuma zane da hijabi na roba narkewa suke yi su manne a fata. Gajerun salansar nan da ke ɗaga baki sama sun fi kusa da ƙafar na baya, hucinsu ma kan kaya yake bugawa.

In tsautsayi ya faɗa, a sa wajen ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko gishiri, ko baƙin mai. Kada a fasa ƙurjin, kada a ɓamɓare tsumman da ya manne. A rufe da abu mai tsabta a kawo asibiti, musamman in yaro ne ko mai ciwon suga.

Ƙanena na Jos, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Bakin salansa baya yake kallo, wanda ka wuce shi ke shan ƙarar, mai motar da ke gabanka ya rufe gilashi. Wanda ya fi kowa shanta kuwa mai babur ɗin ne da wanda ya goya. Ma'aunin da aka saba bayarwa a wuraren aiki shi ne kada ƙarfin ƙara ya wuce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ga maƙwabta masu jarirai da marasa lafiya da za a tasa da asuba. Ai tun 2009 hukumar kula da muhalli ta NESREA ke da ƙa'idojin hana yawan ƙara, kuma 'yan Road Safety ko KASTLEA, masu kula da hanya na jihar Kaduna, na iya tsayar da mai babur a kan haka.

Tsohon Ɗan Acaɓa, Fagge

Allah ya saka wa Anti da alheri, tabon salansa kam akwai shi a ƙafar rabin fasinjojin da muka ɗauka.

Ni Jincheng na tuƙa a Kano, mai hayaƙin nan da ake zuba wa mai biyu, har aka hana goyo a Janairun 2013. Abin da nake son masu karatu su sani, duk bayanin da Baba ya yi na Boxer ne da ire-irensa masu bawul. Wanda har yanzu yake da mai hayaƙi a ƙauye, kada ya kuskura ya yanke salansarsa ya ɗaura irin wannan. Mun ga waɗanda suka yi, babur ya koma ihu ba tafiya, mai kuma kamar ana zubarwa. Mu abin da muke yi in ta toshe shi ne a zare abin cikin a ƙone dattin, a kakkaɓe a mayar.

Baba Makanike, Kaduna

Gaskiyarka, Malam. Mai hayaƙi ba shi da bawul, ƙofofi ne a jikin silinda da fistin ke buɗewa yana rufewa, don haka sabon mai na bin hayaƙi ya fice. Siffar salansar ce ke maido da bugun ya tura man ya koma ciki kafin ƙofa ta rufe. Wani injiniyan Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a wannan a shekarun 1950, da ɗan tserensu Ernst Degner ya gudu ya koma Suzuki a 1961 sai ilimin ya isa Japan. A irin wannan inji salansa rabin injin ce.

Mai Boxer, Samaru

Na gode ƙwarai, Baba, da sauran 'yan'uwa. An yi aikin yadda ka tsara. An bar wuyan, an yi mazurari, ɗan bututun na ciki. Anti, an lanƙwasa mini murfi na falle mai huda-huda, an ɗaga shi daga jikin gangar da wosha yadda iska za ta ratsa, ya rufe tun daga wajen takawa har baya. Maganar jak ma haka take, sai da aka like masa ɗan ƙarfe da roba. Tashi bai canza ba, gudu ma yana inda yake, muryar ta yi kauri amma ba ta cika unguwa ba.

Saura abu ɗaya. In na saki totur a gangara, ko ina rage giya zan tsaya, sai ta riƙa harbi fat-fat-fat. Fulogin ya fito ruwan ƙasa mai haske. In canza jet ne?

Baba Makanike, Kaduna

A'a, ɗana, kada ka taɓa babban jet. Shi aikinsa sai totur ya buɗe sosai, kai kuwa harbin a rufe yake zuwa maka. Launin fulogin ma bai nuna matsala ba.

Fara da neman inda iska ke shiga. Da safe inji na sanyi ka tada shi, ka kai bayan hannunka kusa da inda wuya ya shiga hed, da inda ganga ta hau mazurari, ba tare da ka taɓa ba. In ka ji huci, ko ka ga baƙin shati a wajen, to nan ne: iska na kutsawa ta haɗu da ragowar man da bai ƙone ba ya kama a cikin bututu. Sabon gaskit yakan ƙara kwanciya bayan ya sha zafi, don haka dama ya kamata ka sake bin notunan nan biyu da sifana bayan 'yan kwanaki, inji a sanyaye, ba da ƙarfin tsiya ba.

In babu yoyo, sai ƙaramin sukurun da ke jikin kafireto. Ka lura da inda yake. In yana ɓangaren inji na mai ne, kwancewa ke ƙara mai. In yana ɓangaren iyakilina na iska ne, ɗaurewa ke ƙara mai. Inji ya yi ɗumi, ka juya kwata ɗaya, ka saurari silo, ka gwada a hanya, ka riƙa ƙirga abin da ka juya don ka iya komawa. Ɗan harbi kaɗan da zai rage bayan haka ba ya cutar da inji, tsohuwar gangar ma tana yi, ɗakunan da ke cikinta ne ke haɗiye shi. Ranar da za ka fara zuwa Kaduna da ita, ka tafi da sifanar fulogi, ka tsaya wajen Jaji ka bari ya ɗan huce ka duba launinsa, ka faɗa mini abin da ka gani.